Ƙafa ɗaya ce ta kumbura: yadda za ka sa a duba ɗayar ma a hoto

Aikina ɗaukar hoton marasa lafiya ne a wani asibiti a nan Birnin Kebbi, kuma masu tundurmi ba baƙi ba ne a ɗakinmu. Daga Argungu, Suru, Bagudo, Yauri, duk inda fadama da sauro suka haɗu, ana turo mana su da 'yar takarda an rubuta a duba ƙafar hagu ko ta dama. A wurin kowa, ƙafar da ta kumbura ita ce mara lafiya, ɗayar rakiya kawai ta yo. In ka ce wa dattijo ya naɗe ɗaya ƙafar wandon, sai ya dube ka ya ce, "Ɗana, wagga lahiya lau take, waccan ita ad da ciwo." A ido gaskiyarsa. A hoto kuwa ba kullum ba.

Ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a ƙarƙashin fata da ke kwashe ruwan da ya tsatso daga jini zuwa cikin nama. Ruwan limfa ke nan. Hanyoyin suna haurawa da shi daga yatsu, ya bi ta kaluluwar matsematsi, ya ratsa ciki da ƙirji, ya koma cikin jini a gindin wuya. Allah Ya yi su da rara mai yawa, shi ya sa za su iya lalacewa sosai ƙafa ba ta nuna komai ba. Likitoci na kiran wannan hali mataki na sifili: ɓarna ta riga ta auku, kumburi bai fito ba, kuma ana iya shekaru a haka.

Abin da ke kawo ɓarnar ma ba ya zaɓen ɓangare. A ƙasarmu yawanci tsutsar nan ce mai suna Wuchereria bancrofti, wadda sauro ke ɗaukowa daga wani ya kai wa wani, sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ɗin nan dai. Manyanta suna yin sheƙa a cikin hanyoyin limfa su rayu shekara 6 zuwa 8 suna buɗa hanyoyin har su saki. Akwai wanda haka aka haife shi da hanyoyi marasa ƙarfi, sai ƙafa ɗaya ta riga ɗaya gazawa, sau da yawa a lokacin balaga. Akwai matar da aka yi wa aikin sankarar bakin mahaifa aka cire kaluluwar ƙugu hagu da dama, ko aka gasa wurin da na'ura. A duk waɗannan, ƙafafu biyu ne suka sha wuya. Binciken da aka yi a Ingila da Japan ya nuna cewa a cikin masu kumburin ƙafa ɗaya, da dama ana samun tangarɗa a hoton ɗayar da ake ce wa lafiyayya. A Recife ta ƙasar Brazil ma, inda aka yi fama da irin tsutsarmu, an ɗauki hoton mutanen da ke da ita a jini ba tare da kumburi ko kaɗan ba, aka tarar hanyoyinsu sun riga sun canza.

To ga yadda nake ba mutane shawara su bi abin, daga mai araha zuwa mai tsada.

Kafin ka kashe ko kwabo

Nemi tef ɗin tela da littafi. Da safe, kafin ka fara zirga-zirga, ka auna kaurin kowace ƙafa a wuri huɗu: tsakiyar tafin sawu, santimita 10 sama da idon sawu, santimita 10 ƙasa da ƙoƙon gwiwa, santimita 10 sama da shi. Tef ya kwanta a fata, kada ka ja shi ya nutse. Rubuta da kwanan wata. Wata mai zuwa ka sake, a wuraren nan dai, a lokacin nan dai. Abin da kake nema ba bambancin hagu da dama ba ne, wannan ka riga ka san shi. Kana so ka ga ko lafiyayyar ta fara ƙaruwa a kan awonta na baya.

Sannan ka zauna inda haske yake, ka kama fatar da ke gindin yatsa na biyu, na kusa da babban yatsa, ta sama. A ƙafa mai lafiya fatar za ta ɗago tsakanin yatsunka siririya. In ta yi kauri ta ƙi kamuwa, alama ce mai ƙarfi. In ta kamu, wannan bai wanke ƙafar ba, domin a farkon ciwo takan kamu. Danna babban yatsanka a ƙaurin ƙafa na ɗan lokaci ka ga ko zai bar rami. Duba ko safa ko igiyar takalmi na barin shaida da yamma. Buɗa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya ka nemi cin ruwa, farin nan mai laushi da ke tsagewa. Manoman shinkafa da masunta ba kasafai suke rasa shi ba, kuma ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga su kawo zazzaɓin nan mai rawar sanyi, ƙafa ta yi ja ta yi zafi, kaluluwa ta tashi. Ka tuna da kyau: lafiyayyar ta taɓa yin haka ko sau ɗaya? In ta taɓa, wannan labari ya fi wa likita amfani a kan hotuna da yawa.

Akwai kumburin da ba a zama auna shi a gida. Wanda ya zo cikin kwana biyu ko uku da ciwo a sha-raɓa, balle in numfashi ya fara sama-sama, daskarewar jini ake tsoro, a tafi asibiti a ranar. Wanda ya faro daga cinya ya sauko, ga rama, ko ga zubar jini ga matar da ta daina al'ada, ƙari ake nema a ciki. In kuma ƙafafu biyu ne suka tashi tare har da fuska, ƙoda da zuciya da hanta za a fara tambaya.

A gaban likita

Ka faɗa masa kai tsaye: "Likita, don Allah a rubuta ƙafafu biyu." Mu a ɗakin hoto abin da ke kan takarda muke bi, kuma in layi ya yi tsawo ba kowa ne zai ƙara da abin da ba a rubuta ba. Ka nuna littafin awonka. Ka faɗi garin da ka tashi, da ko akwai mai tundurmi ko gwaiwa a gidanku, da ko ka sha maganin nan da ake rabawa gida-gida sau ɗaya a shekara ana auna tsawon mutum da sanda, wato Mectizan da albendazole. Ka faɗi duk aikin da aka taɓa yi maka, har tsagar wanzami da sakiya. Kada kunya ta sa ka ɓoye, ai tabon zai faɗa.

Za a iya yin gwajin jini na tsutsar, ko da 'yar takardar gwaji da ɗigon jinin yatsa, ko kuma a ɗebi jini da dare tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2, lokacin da 'ya'yan tsutsar ke fitowa cikin jini. In an ce ba a gani ba, kada ka yi mamaki. Wanda ƙafarsa ta daɗe da kumbura sau da yawa tsutsar ta riga ta mutu, ɓarnarta ce ta rage.

Hoton ƙashi kuwa, wanda mutanenmu suka fi yarda da shi, ba ya nuna hanyar limfa ko ɗaya. Sai dai in likita na zargin wani abu a ƙashin, in ba haka ba ka riƙe kuɗinka.

Sikanin, wanda muke da shi a kusa

Wannan, wato irin hoton da ake yi wa masu juna biyu, ana samunsa a manyan asibitocin Birnin Kebbi, da Gusau, da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ba allura, ba zafi, ba illa ga mai ciki. Ka zo da tufafin da za su naɗu har matsematsi. Mace ta ɗaura zane, kuma tana da damar neman mace ta duba ta ko a bar 'yar rakiyarta ta tsaya a ɗakin.

Ka san iyakarsa tun farko. Sikanin na yau da kullum ba ya nuna yadda ruwan limfa ke tafiya. Amfaninsa shi ne ya kore wasu cututtukan, ya kuma nuna sawun da ciwon ya bari. Abu na farko, manyan jijiyoyin jini na ƙafafu biyu. Muna danna kan na'urar a kan jijiya: mai lafiya takan lotse ta rufe ruf, mai gudan jini a ciki takan ƙi. Na biyu, kaluluwar matsematsi hagu da dama, girmanta da siffarta. Na uku, kaurin fata da kitsen da ke ƙasanta, a auna a wuri iri ɗaya a kowace ƙafa, a rubuta da lamba. A nan ne wani lokaci ake ganin fatar lafiyayyar ta fara kauri, ko siraran layukan ruwa baƙaƙe sun fara ratsa kitsen. Na huɗu, ciki da mara, ko akwai abin da ya danne hanya daga sama.

Na biyar na maza ne, kuma shi ne aka fi gudu: maraina. A nan tsutsar ta fi son yin sheƙa, ko da babu gwaiwa. In tana raye ana ganinta. Za ka ga wani ɗan aljihu baƙi a allon, a cikinsa wasu fararen zare suna ta mutsu-mutsu ba tsayawa, ba tsari. Jijiyar jini bugawa take da ƙa'ida, tana bin zuciya; wannan kuwa birgima ce kawai, ko ka riƙe hannunka cak ba ta dainawa. Likitocin Recife ne suka fara bayyana wannan a 1994, suka kira shi rawar tsutsa. Duk wanda na juya wa allon ya gani da idonsa ba ya sake yi mini maganar sammu ko taka sihiri a gona. Ganinta na nufin akwai maganin da likita zai duba ya bayar, kuma yana nufin ƙafafu biyu na cikin haɗari, domin mai ɓarnar na nan tana aiki.

Babban hoton: limfosintigirafi

Wannan shi ne ke nuna tafiyar ruwan kanta. Ana yinsa ne a sashen da ke aiki da sinadaran nukiliya na magani, kuma cibiyoyin gwamnati da aka sani da shi su ne Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja da asibitin koyarwa na Ibadan. Sinadarin, tekineshiyam-99m, daga ƙasar waje ake kawo tushensa, kuma ƙarfinsa na raguwa da rabi duk awa 6, ba abin ajiya ba ne. Saboda haka kada ka hau mota daga Kebbi sai likitanka ya yi magana da su an tabbatar akwai kaya an ba ka rana. Tafiyar yini guda ce, ba a yinta a kan tsammani.

Ba a azumi dominsa. In ƙafa na cikin zazzaɓin nan mai ja da zafi, a ɗaga sai ta warke. Mai ciki, ko mai zaton tana da shi, da mai shayarwa, su faɗa tun kafin a sa rana. In kana sa safar matsi ko bandeji, ka tambaya yaushe za ka cire. Ka zo da takalmin da za ka iya tafiya da shi, da ruwan sha, ka kuma ware yinin gaba ɗaya.

Za ka kwanta, a yi maka 'yar ƙaramar allurar sinadarin a fatar tsakanin yatsu. Tana da raɗaɗi, amma na ɗan lokaci ne. A nan ne za ka buɗe ido: a yi wa ƙafafu biyu, a wuri iri ɗaya, a lokaci ɗaya. Haka ƙa'idar take a yawancin wurare, amma tambaya ba ta ɓata komai. Sai wata kyamara ta musamman, kyamarar gamma, ta bi jikinka a hankali daga yatsu zuwa ciki. Ba ta fitar da komai, sauraren abin da aka zuba maka kawai take. Bayan hoton farko za a ce ka tashi ka yi tafiya na wani lokaci, domin motsin tsoka ne ke tura ruwan. Ka yi tafiyar da gaske, kada ka samu benci ka zauna hira, in ba haka ba ƙafa mai lafiya ma za ta fito kamar mai nawa. Sannan a sake ɗauka, wani lokaci har bayan awa 2 zuwa 4.

A ƙafa mai lafiya za a ga layi siriri ya hau ta cikin ƙauri da cinya, kaluluwar matsematsi ta haska kafin awa ɗaya ta cika, daga baya hanta ma ta fito, alamar ruwan ya isa jini. A mai matsala, sinadarin kan yi zaune a inda aka zuba shi, ko ya hau a makare, ko kaluluwar ta fito kaɗan ko ta ƙi fitowa, ko ya watsu cikin fata ya yi duhu-duhu saboda ruwa na komowa baya. Wata alamar da ake yawan samu a ƙafar da ba ta kumbura ba ita ce kaluluwar bayan gwiwa ta haska, ma'ana ruwan ya bar hanyarsa ta sama ya ratse ta can ciki.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato takardar sakamako. An saba a ɗauki ƙafar da ba ta kumbura ba a matsayin ma'auni, a ce mai ciwon ta yi kaza in an gwada da ita. In ma'aunin kansa na da rauni fa? Kamar mai awon hatsi da lotsattsen mudu ne, duk abin da ya auna zai fito da kuskure kuma ba zai sani ba. Mai ciwon za ta fito kamar da sauƙi, ɗayar kuma a wuce ta ba a ce komai ba. Don haka ka roƙa a rubuta bayanin kowace ƙafa daban: minti nawa sinadarin ya ɗauka kafin ya kai matsematsi, kaluluwa ta fito sosai ko kaɗan, akwai komowar ruwa cikin fata ko babu, an ga ta bayan gwiwa ko ba a gani ba. In takardar ta ce "ɗaya ƙafar ba kumburi" ta tsaya nan, ba a ba ka amsa ba, wannan kai ma ka sani tun daga gida. Ka karɓi hotunan su kansu, a takarda ko a faifai, ka ɗauke su a waya kuma.

Sauran hotuna biyu, a taƙaice

Akwai na koren rini da ake kira ICG. Shi ma allura ce a tsakanin yatsu, sai a kashe fitila a haska fata da kyamara ta musamman, a ga hanyoyin suna gudana a allo nan take. Ba sinadarin nukiliya a ciki, kuma ya fi kowanne saurin kama ɓarnar farko. Likitocin Tokyo sun kasa abin da ake gani kashi huɗu: layi miƙaƙƙe, fantsama, ɗige-ɗige kamar taurari, da watsuwa gaba ɗaya, fantsamar nan ita ake fara gani a ƙafar da ba ta kumbura ba tukuna. Rauninsa, ba ya gani fiye da santimita 1 zuwa 2 a ƙasan fata, kuma wanda jikinsa ba ya shiri da sinadarin aidin sai ya faɗa. Akwai kuma na MRI, mai nuna zurfi da yawan kitse da ruwa. Waɗannan biyun masu shirin tiyata ne suka fi buƙatarsu. Ga masu hali da ke fita Indiya ko Masar a yi musu dashen kaluluwa, ga magana ɗaya: in an ce daga matsematsin lafiyayyar za a ɗebo, kada ka sa hannu sai an ɗauki hotonta an tabbatar tana da abin bayarwa.

Wa ya kamata ya yi wannan doguwar tafiya?

Ra'ayina ne, likitanka na iya ganin wani abu daban. Manomin da ya tashi a fadama, ga gwaiwa a dangi, ga zazzaɓin ƙafa yana zuwa yana komawa, sikanin ya kore daskarewar jini da ƙari, ba na ganin ya sayar da buhunan shinkafarsa don Abuja. Hoton ba zai canza abin da za a ce ya yi ba. Ya ɗauka kawai ɗayar ma ta taɓu, ya kula da ita haka. Waɗanda tafiyar ta cancanta su ne yaro ko budurwar da ƙafa ta kumbura ba a san dalili ba, da wadda aka yi wa aikin sankara, da wanda aka kasa bambance ko jijiyar jini ce ko limfa, da mai shirin tiyata. Matar da hannunta ɗaya ya kumbura bayan aikin sankarar mama ita ma dokar ɗaya ce, a yi wa hannaye biyu, a rubuta kowanne daban.

In sakamako ya ce lafiyayyar ma na da tangarɗa, kada hankalinka ya tashi. Ba hukunci ba ne cewa sai ta kumbura, da yawa ba sa kumbura har abada. Duk kuma mai sayar maka da ƙwaya a tasha yana cewa in ka sha hoton zai gyaru, kuɗinka yake so. Abin da ya canza shi ne daga yau duk hidimar da kake yi wa mai ciwon, ita ma a yi mata. Wanki da sabulu da ruwa mai tsabta safe da dare, daga gwiwa zuwa yatsu. A tsane tsakanin yatsu da tsumma mai laushi, har bayan alwala, domin sau biyar a yini ana jiƙa wurin ana barinsa da laima. Cin ruwa a sa masa man kashe gwari da wuri, faso a shafa masa mai, farce a yanke shi a hankali ba da reza ba. Takalmi ko a tsakar gida, na roba mai tsawo in za a shiga fadama. Da dare a ɗaga ƙafafun gado ta wajen sawu da bulo, a kwana cikin gidan sauro. In kana zaune a shago ko a majalisa, ka riƙa ɗaga dunduniya kana saukewa. Wanzami kuma, da duk girman da muke ba shi, kada askarsa ko ƙahonsa su kusanci ko ɗaya daga cikin ƙafafun. Safar matsi sai wadda ma'aikacin lafiya ya auna maka, kuma mai ciwon suga ko matsalar jijiyar jini a fara duba gudun jininsa.

Awon tef ya ci gaba duk wata. In lafiyayyar ta ƙaru da santimita 2 a wuri ɗaya kuma awon ya tsaya haka da aka maimaita, ko ta fara nauyi da yamma, ko takalmi ya fara matse ta, ko ta yi zazzaɓin ja da zafi ko da sau ɗaya, ka ɗauki littafin da tsofaffin hotunan ka koma wurin likita a makon nan.